Gangar ƙafa ta ƙi yin nauyi, manya a ba ni shawara

Ɗan Jos:
Barkanmu da yamma manyanmu. Ina da matsala da babbar gangar ƙafa ta jaz ɗin da nake kaɗawa a cocinmu, wato jerin gangunan nan da ake zama a kaɗa da hannu da ƙafa. Inci 22 ce, ta gwanjo aka saya tun kafin in fara. In na taka feda sai ka ji kamar ana dukan kwali, fat fat, babu wannan dum ɗin da yake shiga ƙirji. Na ɗaure sukurorin fatar har makulli ya ƙi juyawa, ba abin da ya canza. Wanda yake kaɗawa kafin ni ya cusa mata soson katifa ya kusa cika ta, fatar gaba kuma an yanke mata rami a tsakiya, kaina ma zai shiga. Mai kula da miksa, na'urar daidaita sauti, kullum cewa yake ƙafata ce ba ta da ƙarfi. Taron ƙarshen shekara ya matso, don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka.

Oga Sauti:
Ƙanena ƙafarka lafiyarta ƙalau. Ɗaurin da ka yi shi ne ya shaƙe ta. Ita ƙaramar ganga mai waya ita ce take son ɗauri, ta ƙafa kuwa da sassauci ake samun nauyinta. Duk lokacin da ka ƙara ɗame fata muryar sama take yi, nauyin yana guduwa.

Ga yadda nake yi in an kira ni aiki na tarar da irin taka. Cire feda, ka kwantar da gangar a kan tabarma, fatar da ake duka tana sama. Kwance sukurorin gaba ɗaya, ka ɗaga zoben da fatar, ka sa tsumma ka share bakin kangon, don ƙurar hunturu tana taruwa a nan ta hana fata zama daidai. Mayar da fatar, ka ɗaura kowane sukuru da yatsunka kawai, ba makulli, har ya tsaya. Daga nan sa tafin hannunka a tsakiyar fatar ka danna da nauyinka. Za ka ga ta tattare a gefe-gefe. Hannun yana nan a danne, ka ɗauki makulli ka ba sukuru ɗaya rabin juyi, ka tsallaka wanda yake kallonsa ta ɗaya ɓangaren, haka haka har ka zagaye. Kada ka bi su a jere, fatar za ta karkace. Da zarar tattarewar ta ɓace, ajiye makulli. Mafi yawan lokaci nauyin ganga a daidai wurin nan yake, ko sama da shi kaɗan.

Bayan nan ka ɗora yatsa ɗaya a tsakiya, ka riƙa ƙwanƙwasa fatar kusa da kowane sukuru, kamar inci biyu daga baki. Wanda ka ji muryarsa ta fi ta sauran sauka, ƙara masa kwata. Takwas ne ko goma sukurorin naka?

Ɗan Jos:
Takwas ne Oga. To soson fa, in bar shi?

Oga Sauti:
Fitar da shi. Ka sa ƙaramin filo ko tawul a naɗe, ya ɗan taɓa ƙasan fatar duka, shi ke nan.

Baba Saje:
Salamu alaikum. Ni dai ina karantawa ina mamaki. Yaro ya zo da ganga cike da katifa, an ce ya cire katifa ya sa filo. To wai ganga ce ko gado? Na yi aikin badujala na 'yan sanda har na yi ritaya, babbar ganga na rataya a ƙirji shekara da shekaru, ban taɓa sa mata ko ƙyalle a ciki ba. A filin fareti mutum yana can ƙarshen fili yana jin ta, da ita yake daidaita ƙafarsa ta hagu. Iskar da take cikin kango ita ce muryar ganga. Ka doki wannan fata, iska ta tura waccan, waccan ta dawo da ita. In ka cika cikin da kaya, me zai tura me? Mu abin da aka koya mana shi ne fatun nan biyu su zama murya ɗaya, ka doki dama ka doki hagu kada a ji bambanci. In ka samu haka ba ka bukatar filo. Filo na wanda ya kasa saiti ne.

Oga Sauti:
Baba Allah ya ƙara girma, ban ƙi taka ba, amma fili daban ɗaki daban. Ku kuna waje, sauti ya fita ya tafi abinsa. Shi yaron nan yana cikin gini mai bangon siminti da rufin kwano, duk abin da ya fita daga ganga sai ya dawo. In ya bar ta fanko, duka ɗaya bai gama amo ba na biyu ya hau kansa, ga gitar bes ita ma tana nan ƙasa-ƙasa tare da ita. Ni da nake zaune a miksa abin da zan ji gurnani ne kawai. Sannan taku ana dukanta ta fuska biyu, dole su zo ɗaya. Tasa fuska ɗaya ake duka, ta gaban aikinta amsawa.

Baba Saje:
To a gyara ɗakin mana, me ganga ta yi?

Ɗan Kawo:
Baba ya ce a rushe coci a bar ganga 😂

Baba Saje:
Kai ɗan nan ban ce a rushe ba. Labule mai kauri a bayan makaɗi da kafet a ƙasa ai ba rushewa ba ne.

Oga Sauti:
Wannan kam gaskiya ne Baba, kuma yana aiki. Ɗan Jos, a ina aka ajiye gangunan? In a kusurwa ne, ka jawo su gaba kaɗan, kusurwa tana tara nauyin sauti fiye da kima. Kuma ka san wani abu, nauyin gangar ƙafa yana wajen 50 zuwa 80 Hz ne (Hz shi ne ma'aunin saukar murya da hawanta), igiyar sautin 60 Hz kuwa tsawonta ya kusa mita shida. Shi ya sa a ɗaki ɗaya wani benci zai ji ganga har cikinsa, wani benci ya rantse ba a taka ta. Kada ka yanke hukunci daga kujerarka. Kai a bayan ganga kake, abin da ya fi zuwa kunnenka ƙarar gula ce, wato sandar feda, a kan fata. Sa wani ya taka maka, ka zagaya ɗakin ka saurara.

Uwar Mawaƙa:
Ni tawa damuwar daban ce. Duk ranar da makaɗanmu suka ce sun gyara ganga, ranar ba mai jin kalmomin waƙa. Yara mata suna ta ɗaga murya har maƙogwaro ya dushe. Ɗana, in za ka gyara ka gyara, amma ka tuna mutane waƙa suka zo ji. Ni da a bar katifar a ciki ma ban ƙi ba.

Oga Sauti:
Mama, abin mamakin shi ne katifar ce take jawo miki wannan. Ganga in ta mutu makaɗi ba ya jin ta, sai ya riƙa taka ta da ƙarfi, hannuwansa ma su bi ƙafar, faifan ƙarfen nan su cika ɗaki. Mai miksa shi ma ya ƙara mata wuta yana neman nauyin da babu. Wadda aka saita da kyau taɓawa kaɗan ta isa, kuma muryarta tana can ƙasa, ba ta shiga hanyar muryar mata.

Uwar Mawaƙa:
To Allah ya sa. Na dai sha jin irin wannan.

Jikan Makaɗa:
Ina gaida Baba Saje. Mu gidanmu ganga da kalangu muka gada, ban taɓa zama a kan jaz ba, amma maganar da Oga ya yi ta bin sukuru ɗaya a tsallaka na gabansa, haka muke jan tsarkiya in ana ɗaurin sabuwar fata. Ka ja nan ka ja can, in ka bi gefe ɗaya fata ta zame, kuma in ta bushe a karkace ta tafi kenan. Inda muka bambanta, tamu fatar akuya ce, da yanayi take tafiya. Da damina ta yi laushi sai an shanya ta a rana ko a kara ta kusa da wuta kafin a fita. Da hunturu kuma ta ɗame da kanta har sai ka shafa mata ruwa, in ba haka ba kana cikin kiɗa ta tsage. To ku taku ta roba ita ma sanyin Jos yana taɓa ta? Don na ga yaron ya ce Jos yake.

Malamin Kiɗa:
Tambaya mai kyau. Ai su ma Turawa da fatar maraƙi suke amfani, kuma wahalar da ka faɗa ita suka sha, har wasu suna sa ƙwan lantarki a cikin babbar ganga don ɗuminsa ya busar da fata. A 1957 ne kamfanin Remo a Amurka ya fito da fatar roba da ta karɓu a kasuwa, kamfanin Evans ma a daidai wannan lokacin, daga nan aka huta. Roba ba ruwanta da laima. Zafi dai yana sa ta saki, musamman in an bar ta a rana ko a bayan mota. Abin da hunturu yake taɓawa shi ne katako: zoben gangar ƙafa yawanci na katako ne, kangon ma haka, in suka bushe sukan ɗan motsa, sukurori su saki. Don haka wanda ya saita da damina kada ya ɗauka ya gama har abada.

Kan gardamar Baba da Oga kuma, kowa yana da magabata. John Bonham na ƙungiyar Led Zeppelin inci 26 yake kaɗawa, fatar gaba ba rami, cikin ba filo, ɗan ƙyalle mai kauri kawai ake ratsawa a bayan fata, kuma ɗaurinsa ya fi na yawancin mutane tsauri. Har yau ana neman irin muryar gangarsa. Masu salon kiɗan jazz kuma da yawansu inci 18 suke so, a ɗaure ta sama tana amo. Cusa bargo da cire fatar gaba a sitidiyo ya yaɗu, lokacin da aka fara sa wa kowace ganga makirfonta ana son duka gajere. To Ɗan Jos sai ka tambayi kanka wane kiɗa kake yi. In waƙoƙin yabo masu sauri ne da ƙafa take yawan ninka duka, gajeren amo zai fi maka.

Mai Sitidiyo:
Ku yi haƙuri, ni duk wannan wahalar ban ga dalilinta ba. Mu a Kano waƙa nawa ake fitarwa kullum, wa ya ga ganga a ɗakin? Piyano da kwamfuta, ka zaɓi bes ɗin da kake so cikin ɗaruruwa, an riga an saita shi. Ku sayi ganga ta lantarki ku huta da filo da katifa.

Baba Saje:
In an ɗauke wuta fa?

Mai Sitidiyo:
Janareta Baba.

Baba Saje:
In mai ya ƙare sai a tashi taro kenan. Allah ya kyauta.

Malamin Kiɗa:
Mai Sitidiyo, wancan sautin da kake zaɓa, da yawansa wani ne ya zauna ya saita ganga ta gaske aka ɗauka. Kuma akwai abin da ƙafa take yi wanda sai ka sha wuya kafin ka kwaikwaya. Ka saurari Tony Allen, wanda ya yi wa Fela kiɗa, ya rasu a 2020. Ba ya dukan ganga da ƙarfi ko kaɗan, amma dukan nan biyu da yake jerawa da ƙafa, na farko da na biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Gangar da aka cusa wa katifa ba za ta nuna wannan bambancin ba, ko ka taka a hankali ko da ƙarfi fat ɗaya za ta ba ka.

Admin:
Jama'a a dawo kan tambaya. Maganar lantarki da na hannu mun yi ta a baya ba ta ƙare ba, kada mu sake buɗe ta a nan.

Ɗan Agadas:
Sannunku. Mu nan wurin biki muke kiɗa da masu gita, waje, bisa rairayi, an shimfiɗa tabarma. Abin da ni gani, in ka sassauta fata ƙwarai kamar yadda Oga ya ce, kusa da ita akwai daɗi, amma mutanen da ke nesa ba su jin komi, rairayi na shanye ta. Sai mun ƙara ma fatar gaba ɗauri kaɗan ta fi ta baya, sannan take fita. Kuma ƙura na cika ramin sukurori, sai ka ji sukuru ya yi tauri ka ɗauka ya ɗauru, alhali ƙasa ce ta riƙe shi. Ni ina wanke su da kananzir in shafa basilin kaɗan bisa zaren.

Oga Sauti:
Wannan maganar basilin a riƙe ta, don in zaren sukuru ya cije, ɗaurin yatsu da na ce ba zai zo daidai ba. Fatar gaba kuma haka nake yi ko a cikin ɗaki: ta duka ita take ba ka yadda ƙafa za ta ji da kaifin dukan, ta gaba ita take riƙe jiki da tsawon amo. Na saba barin ta gaba sama da ta duka da kamar kwata ko rabin juyi. Amma Ɗan Jos, taka fatar gaban mai ramin da kan mutum zai shiga, kuma a tsakiya, kusan daidai take da babu. Iskar da Baba yake magana duk ta nan take ficewa kai tsaye. Sai ka nemi wata.

Ɗan Jos:
Oga in an samu sabuwa in bar ta ba rami? Don mai miksa ta ramin yake zura makirfo.

Baba Saje:
Bar ta yadda Allah ya yi ta.

Oga Sauti:
Baba kamfani ne ya yi ta 😄 Ƙanena ka yi rami amma ƙarami, inci huɗu zuwa biyar, kuma a gefe, wajen da ƙarfe huɗu ko biyar yake a fuskar agogo, ka bar tazara daga baki. Kada ka yanka da reza, bakin yana yin tsaga ya ci gaba da yagewa. Nemi gwangwanin ƙarfe mai faɗin da kake so, ka cire fatar ka shimfiɗa ta a kan katako, ka ɗora bakin gwangwanin a kan risho ya yi zafi sosai, ka kama shi da filaya ko tsumma mai kauri, ka dangwala shi a kan fatar sau ɗaya ka ɗaga. Zai narke ya fita da'ira sumul, bakin ya liƙe da kansa. A waje za ka yi saboda warin roba.

Makirfo kuma, in kuna da irin na gangar ƙafa kamar Shure Beta 52A ko AKG D112 to madalla. Ka tura shi ciki yana kallon inda gula take sauka, za ka samu kaifi. Ka jawo shi bakin rami, za ka samu nauyi. Ka gaya wa mai miksa ya rage wajen 300 zuwa 400 Hz, a nan muryar kwalin take zaune, in yana son a ji saukar gula ya ɗan ƙara wajen 3,000 zuwa 4,000.

Ɗan Kawo:
Mu kwabo muke liƙawa da salatif a inda gula take duka, tana ba da ƙas ƙas mai daɗi.

Oga Sauti:
Tana bayarwa, kuma tana cin fata. Wata rana kana tsakiyar taro gula za ta shige ciki. In kaifi kake so juya kan gular, yawancinsu fuska biyu gare su, ta ƙyalle da ta roba. Ko ka yanko ɗan da'ira daga tsohuwar fata ka liƙa a wurin.

Malamin Kiɗa:
Ƙari ɗaya da ba a taɓo ba, ita kanta ƙafar. Wasu in sun taka sai su bar gula manne da fata, wasu su bar ta ta dawo. In ka manne ta ka kashe amon da kanka, kuma muryar tana ɗan hawa. In ka sake ta ganga tana buɗewa. A fatar gaba marar rami mannewa tana da wuya, iska tana turo gular tana rawa a kan fata. Gwada duka biyun kafin ka taɓa makulli karo na biyu.

Ɗan Jos:
Manyana na dawo da rahoto. Jiya bayan an tashi na kwance ta. Soson da na fitar har da gidan ɓera a ciki. Da na cire zoben sai na ga sukuru ɗaya a lanƙwashe yake, shi ya sa gefen nan kullum a tattare ko na ɗaure. Na kai wa mai walda ya miƙe shi. Na bi yadda Oga ya ce, tafin hannu a tsakiya, rabin juyi rabin juyi, ban kai juyi biyu ba tattarewar ta ɓace. Fatar tana da ɗan lotsawa inda gula take sauka amma ba ta fashe ba. Na sa tawul ɗaya a naɗe. Fatar gaba ba a samu sabuwa ba tukuna, na dai rage ramin da guntun tsohuwar fata da salatif mai faɗi kafin kwamiti su amince. Na sa wani yaro ya taka na koma bencin baya, gaskiya ta canza, yanzu ana jin ta a ƙirji. Na ɗauka a waya zan turo.

Oga Sauti:
Turo, amma kowa ya sa abin kunne. Lasifikar waya ba ta iya fitar da sautin da yake ƙasa haka, wanda ya saurara da ita zai ce ba abin da ya canza. Fatar da ta lotsa ma ka sa ta a lissafin kwamiti. In za a saya a nemi mai zoben rage amo a jikinta, irin Remo Powerstroke 3 ko Evans EMAD, da ita ko tawul ɗin ba lallai ba ne.

Baba Saje:
Ka cire tawul ɗin ka ɗauka sau ɗaya don ni, in ji.

Ɗan Jos:
Na gwada Baba. Ni a kunnena ta fi daɗi ba tawul, amma da mai bes ya shigo sai suka haɗu suka cakuɗe, shugabar mawaƙanmu ta juyo ta harare ni. Na mayar da shi na ja shi baya, yanzu da ƙyar yake taɓa fatar.

Uwar Mawaƙa:
Ka gaishe min da ita.

Ɗan Jos:
Za ta ji Mama. Sai dai wata sabuwa ta taso. Da soson ya fita gangar ta yi sakayau, in na taka sai ta riƙa tafiya gaba a kan tayil, kafin a gama waƙa ɗaya ƙafata tana bin ta.

Ɗan Agadas:
Ƙafafunta biyu na gaba, duba ƙarshensu, in ka murɗa robar sama akwai tsini a ciki. Amma bisa tayil tsini ba ya kamawa, sai ka shimfiɗa kafet, kujerarka ita ma ta hau bisa kafet ɗin don nauyinka ya riƙe shi.

Oga Sauti:
Haka ne. Kuma ka daidaita ƙafafun su ɗaga gaban gangar kamar kaurin yatsa daga ƙasa, don in ka maƙala feda baya yana ɗagawa, in gaba yana ƙasa zoben baya zai riƙa lanƙwasa, gula kuma ba za ta sauka a miƙe ba. Ka duba sukurori biyun da suke ƙasa kusa da feda bayan taron farko, su ne suke fara saki.